Ma'aunin kogi: Yadda ake karanta hawa da saukar ruwan Neja da Binuwai

A ranar 8 ga Satumba, 2020, ma'aunin Kogin Neja da ke Yamai ya nuna santimita 700. Tun 1929 ake rubuta tsayin kogin a wannan wuri, ba a kuma taɓa ganin lamba irin wannan ba. Ruwa ya fi ƙarfin ganuwar da aka yi don kare birnin, ya shiga unguwannin da ke ƙetaren kogi irin su Lamorde da Kirkisoye, ya kwanta a kan gonakin shinkafa. Bayan shekara biyu, a farkon Oktoban 2022, ma'aunin Lokoja ya kai mita 13.22, ya zarce mita 12.84 da aka gani a ambaliyar 2012. A wannan shekarar gwamnatin Najeriya ta ƙirga mutum fiye da 600 da suka rasu, da kimanin miliyan 1.4 da suka bar gidajensu.

Duk waɗannan lambobi ba dare ɗaya suka yi tsalle ba. Babban kogi yana cika ne sannu a hankali, kuma ruwan da zai kwana a ɗakin mutumin Lokoja ya riga ya wuce ta gaban ma'auni da dama, kwanaki ko makonni kafin ya iso. Wanda ya iya karanta waɗannan ma'aunai yana da abin da zai tambayi hukuma tun ruwa bai zo ba.

Tsayi daban, yawa daban

Abu biyu ake aunawa a kogi, kuma rahotanni kan cakuɗa su.

Na farko tsayin ruwa, wato inda saman ruwan ya kai a jikin ma'auni. Da mita ko santimita ake faɗarsa. Ba zurfin kogi ba ne. Kowace tasha tana da nata sifilin, wani mataki da masu safiyo suka tsayar tun ranar da aka kafa ta, daga nan ake fara ƙirga. Saboda haka mita 7 na Yamai da mita 13 na Lokoja ba abin da za a jera a kwatanta ba ne. Lambar Yamai da tarihin Yamai kaɗai ake auna ta: ina ta tsaya bara a irin wannan rana, ina ta kai a shekarar da ganuwa ta karye.

Na biyu yawan ruwan da ke wucewa, wanda ake faɗa da kubik mita a kowace daƙiƙa. Kubik mita ɗaya lita dubu ce, wato jarka arba'in irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. Idan aka ce kogi na gudu da kubik mita 1,000 a daƙiƙa, ana nufin jarka dubu arba'in na wucewa ta gaban mutum kafin ya ƙifta ido sau biyu. A ranar da Yamai ta kai santimita 700, an ƙiyasta ruwan da ke wucewa da kimanin kubik mita 3,400 a daƙiƙa. A watan Agustan 2012, lokacin da ma'aunin ya nuna santimita 618, kimanin 2,500 ne.

Mai gida a bakin kogi tsayi ne damuwarsa, domin shi ke faɗa masa ko ruwa zai taɓa dokin ƙofarsa. Injiniyan da ke kula da madatsa kuwa yawa yake so ya sani, domin yawa ne ake iya tarawa da ɗebewa: abin da ya shigo tafki, abin da aka saki, abin da ya rage. Ruwan Neja da na Binuwai idan sun haɗu a Lokoja, ba tsayinsu ake haɗawa ba, yawansu ake haɗawa.

Allon awo da mai karanta shi

Tushen wannan ilimi gaba ɗaya wani abu ne da yaro ma zai gane: faranti na ƙarfe mai zanen santimita, kamar babbar rula, a kafe a gaɓar kogi ko a jikin ƙafar gada. Da yake kogi kan hau mita da yawa tsakanin rani da damina, akan jera allunan hawa-hawa a kan gangare, idan ruwa ya shanye na ƙasa sai a koma na sama. Akan ɗauki wani mazaunin wurin, sau da yawa malamin makaranta ko masunci, a ba shi littafi da ɗan alawus, ya riƙa duba allon safe da yamma yana rubutawa. Tashar Kulikoro da ke Mali tana da irin wannan rubutu tun 1907. Duk abin da aka sani game da yadda Neja ya canza a cikin ƙarni guda, daga hannun irin waɗannan mutane ya fito, kuma ba kasafai ake jin sunansu ba.

Yanzu akwai na'urori da ke yin aikin ba tare da mutum ba. Wata ana nutsa ta a ruwa, tana auna nauyin ruwan da ke kanta, daga nan ta san tsayinsa. Wata ana rataye ta a ƙarƙashin gada, tana aika sigina zuwa saman ruwa tana lissafa tazarar. Dukansu suna tura sakamako ta layin waya ko ta tauraron ɗan'adam, da wutar farantin sola. Amfaninsu a fili yake: ana samun lamba duk sa'a, har da tsakar dare lokacin da ruwa ya fi yin ɓarna. Rauninsu ma a fili yake. Batir na mutuwa, laka na toshe bakin na'ura, farantin sola kuwa kaya ne mai kasuwa. Shi ya sa ko a inda aka sa na'ura ba a cire allon ƙarfe, da shi ake gane ko na'urar ta fara ƙarya.

Auna yawa ya fi wuya. Sai an shiga jirgi an ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, ana auna zurfi da saurin ruwa a wurare da yawa. A da, na'ura mai farfela ake zurawa da igiya, ana ƙirga juyinta. Yau akwai na'urar da ake kira ADCP, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta gane saurinsa daga yadda sautin ya dawo. Lissafin bai canza ba: faɗi sau zurfi sau sauri. Kogin da faɗinsa ya kai mita 300, matsakaicin zurfinsa mita 4, ruwansa na tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, yana wucewa da kubik mita 1,200.

Ba mai iya yin wannan aiki kullum. Abin da ake yi shi ne a auna sau da yawa, a lokacin ƙarancin ruwa da matsakaici da cika, a haɗa sakamakon a fitar da jadawali mai cewa tsayi kaza daidai yake da yawa kaza. Daga nan mai littafi ya kawo tsayi, ofis ya duba jadawali ya fitar da yawa. A nan ne matsalar da ba a cika faɗa ba take. Jadawalin yana aiki ne muddin cikin kogi bai canza ba, shi kuwa cikin Neja kullum canzawa yake. Yashi na taruwa, tsibirai na tsirowa, ana gina ganuwa a matse hanyar ruwa. Idan yashi ya cike ƙasan kogi, ruwan da a da zai tsaya a santimita 580 yana iya haura 600 ba tare da ya ƙaru da ko ɗigo ba. Sannan a ranar babbar ambaliya, wadda ita ce ranar da aka fi bukatar lamba ta gaskiya, shiga kogi da jirgin awo kasada ce, sai a miƙa layin jadawali zuwa inda ba a taɓa aunawa ba. Don haka duk adadin yawan ruwa da aka bayar a ƙololuwar ambaliya ƙiyasi ne na masana, tsayin da aka karanta a allo shi ne abin da ido ya gani.

Kogi mai cika biyu

Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, yana da tsawon kimanin kilomita 4,180. Ya taso daga tsaunukan Gini, ba nisa da teku, amma maimakon ya gangara can sai ya nufi arewa maso gabas har bakin Sahara, ya yi kwana a wajen Timbuktu da Gao, sannan ya sauko ta Nijar, ya bi iyakar Benin, ya shiga Najeriya ta Jihar Kebbi. Wannan doguwar hanya ita ta sa daga Yamai zuwa Kainji kogin ke cika sau biyu a shekara.

Ruwan saman da ya sauka a Gini a damina yana isa tsakiyar Mali, inda ƙasa ta shimfiɗu ta zama wata makekiyar fadama a yankin Mopti. Nan ruwan ke bazuwa ya yi watanni, rana da ƙasa su sha kaso mai yawa, laka ta kwanta. Abin da ya rage sai ya fito a tace, ya iso Yamai a tsakiyar hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da ko gajimare babu. Wannan ake kira baƙar cika, ko cikar Gini. Tana zuwa a hankali, ana ganin tahowarta tun daga tashoshin Mali da makonni masu yawa, kuma ita ce ke riƙe da tafkin Kainji a watannin rani.

Ɗaya cikar ta gida ce. A Agusta da Satumba, koguna uku da suka taso daga Burkina Faso, wato Goruwal da Dargol da Sirba, suna zubo ruwa mai ɗauke da jar ƙasa a cikin Neja kafin Yamai. Mutanen Nijar na kiranta jar cika. A Najeriya, cikar damina da ke zuwa da ruwa mai dama-dama, har da na Kogin Sakkwato da Rima, farar cika ake ce mata. Wannan ba ta da haƙurin 'yar'uwarta: ruwan sama mai ƙarfi a yankin Sirba na iya ɗaga ma'aunin Yamai cikin kwana ɗaya ko biyu.

A mafi yawan ƙarnin da ya wuce, cikar Gini ce babba a Yamai. A shekarun baya-bayan nan abin ya juya, kuma manyan ambaliyoyin 2012 da 2019 da 2020 duk na jar cika ne. Masu binciken ruwa sun lura da wani abu mai ɗaure kai tun lokacin farin shekarun 1970 da 1980: ruwan sama ya ragu a Sahel, amma ruwan da ke gudu a ƙoramun yankin ya ƙaru. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ƙasa ce ta lalace. An sare itatuwa, an daina barin gona ta huta, fili ya zama fako, ruwa ba ya nutsewa sai ya kwarara, yana tafe da yashin da zai je ya cike kogi. Da ruwan sama ya fara dawowa, kuma yana sauka da ƙarfi a ɗan lokaci, sai ya tarar da ƙasar da ba ta iya shansa. Ba don littattafan masu karanta allo na shekara da shekaru ba, da babu yadda za a gane wannan.

A Yamai an sa wa ma'aunin matakan gargaɗi uku: ruwan ɗorawa a santimita 530, ruwan goro a 580, ja a 620. Amfanin wannan tsari shi ne ba sai mutum ya yi karatun injiniya ba. Gidan rediyo na iya cewa an shiga ruwan goro, saura santimita kaza a kai ja, manomin shinkafa ya gane.

Daga Jidere Bode zuwa Lokoja

Ƙofar Neja a Najeriya ita ce tashar awo ta Jidere Bode a Jihar Kebbi. Abin da aka gani a Yamai yau, shi za a gani a nan bayan 'yan kwanaki, tare da ƙarin abin da ƙoramun hanya suka zuba. Daga nan ruwa ya wuce Yawuri ya shiga tafkin Kainji, madatsar da aka kammala a 1968, sai Jebba da ta fara aiki a 1985. Ƙasa da Jebba Kogin Kaduna ke shigowa, shi ma yana da Shiroro tun 1990, da Zungeru da ta zo daga baya.

Da zarar ruwa ya shiga tafki, ma'auni ya daina ba da labarin ruwan sama kaɗai, ya fara ba da labarin shawarar mutane. Waɗannan madatsu don wutar lantarki aka gina su, kuma mai samar da wuta yana son tafkinsa ya cika kafin damina ta ɗauke. Mai kula da ambaliya kuwa yana son a bar wuri a tafkin don ruwan da ke tafe. Idan aka saki ruwa da wuri kuma damina ta gaza, a yi kukan rashin wuta a watan Maris. Idan aka riƙe har tafki ya cika sannan babbar cika ta iso, dole a buɗe ƙofofi gaba ɗaya don tsira da madatsar kanta, garuruwan Neja da Kwara da Kogi su karɓi ruwan a lokaci guda. Babu abin da ke sassauta wannan tsaka-mai-wuya kamar sanin abin da ke tahowa daga sama. Lambar Yamai da ta Jidere Bode, idan sun iso a kan kari, su ke ba injiniya damar sakin ruwa kaɗan-kaɗan tun da sauran wuri.

Binuwai da batun Lagdo

Babu sunan da ke tashi a Najeriya duk damina kamar Lagdo. Madatsa ce a kan Binuwai a arewacin Kamaru, sama da birnin Garwa, an gina ta tsakanin 1977 da 1982. Sakin ruwanta a daminar 2012 yana cikin abubuwan da aka danganta da ambaliyar wannan shekara, wadda hukumar ba da agajin gaggawa NEMA ta ce ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 an fara sakin ruwa ranar 13 ga Satumba. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara ginawa a Ƙaramar Hukumar Fufore ta Jihar Adamawa don ta tare irin wannan ruwa, har yau ba a gina ta ba.

Sai dai taswira na da abin cewa. Ƙasa da Lagdo, Mayo Kebbi da Faro suna zuba a Binuwai kafin ya yi nisa a Najeriya, kuma ruwansu bai bi ta madatsar ba. Bayan ya wuce tashar Wuro Boki da Yola, Gongola ya shigo a Numan, sai Taraba, sai Donga, sai Katsina-Ala, kowannensu babban kogi ne da ke kwaso ruwan tsaunuka masu yawan damina. Ruwan da ake aunawa a Makurɗi a ƙarshen Satumba ya ninka abin da ke fita daga Lagdo sau da yawa. A Oktoban 2022, Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya shaida wa sanatoci cewa gudummawar Lagdo a ambaliyar ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, mafi yawan ruwan na saman da ya sauka a cikin gida ne. Mutanen Adamawa da ke kusa da iyaka, waɗanda ruwan Lagdo ke fara isa gare su, suna da dalilin jin wannan magana wani iri. Ga mutumin Lokoja ko Bayelsa kuwa, maganar ta fi kusa da abin da taswira ke nunawa.

Wannan gardama ce da awo zai iya rabawa. Idan aka buga lambar Wuro Boki, da ta bakin Gongola, da ta Ibi, da ta Makurɗi, rana bayan rana, kowa zai iya ɗebe wannan daga wancan ya ga inda ruwan ya fito. Rashin waɗannan lambobi a bainar jama'a shi ke sa kowace shekara a koma kan sunan Lagdo. Sunan yana da daɗin ambato ga jami'in jiha, domin madatsar tana wata ƙasa, ba a ƙarƙashin kasafin kuɗinsa ba.

An dai samu ci gaba wajen sanarwa. Najeriya da Kamaru sun sa hannu a kan takardar fahimtar juna a 2016, wadda ta shafi sanar da juna kafin sakin ruwa. A Satumban 2024 hukumomin Najeriya sun sanar cewa daga ranar 17 ga wata za a fara saki da kubik mita 100 a daƙiƙa, a riƙa ƙarawa har zuwa 1,000 a cikin mako guda. Ɗari a daƙiƙa na nufin kubik mita 8,640,000 a yini. Adadin na da ban tsoro a kanun labari, amma a jikin Binuwai na watan Satumba ƙari ne kaɗan. Abin tambaya a irin wannan sanarwa shi ne ina kogin ya riga ya kai kafin ƙarin ya iso.

Wa ke riƙe da alƙaluman

A Najeriya aikin na hukumar NIHSA ne, mai kula da harkokin awon ruwa, wadda aka kafa da dokar 2010. Ta raba ƙasar zuwa yankunan ruwa takwas, kuma tun 2013 take fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, mai jera jihohi da ƙananan hukumomi bisa girman haɗarin da ke kansu. Hasashen ruwan sama na NiMet ne, agaji na NEMA da takwarorinta na jihohi. Kwashe mutane da tanadin sansani kuwa yawanci a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi yake. Sarƙa ce mai zobe huɗu ko biyar, kuma ba a zoben awo ta fi yawan tsinkewa ba.

A matakin ƙasa da ƙasa akwai Hukumar Raya Kogin Neja, mai hedikwata a Yamai. An fara ta a 1964, aka sake mata fasali da suna a 1980. Ƙasashe tara ne a cikinta: Gini, Kodebuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Chadi da Kamaru. Ita ke tattara lambobin tashoshi daga ƙasashen ta rarraba, ta kuma fitar da gargaɗi idan cika ta taso. A 2008 ƙasashen suka amince da yarjejeniyar ruwa ta bai ɗaya. Cibiyar AGRHYMET, ita ma a Yamai, tana aikin hasashen damina da na koguna ga yankin baki ɗaya.

Wannan yana da nauyi na siyasa da ya kamata a lura da shi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba maƙwabciyarta, daga baya Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS. Amma mafi yawan ruwan da ke shiga Kainji ta sama ta waɗannan ƙasashe uku yake biyowa, kuma tashoshin da ke ba Najeriya gargaɗin farko a hannunsu suke. Ga kuma madatsar Kandaji da Nijar ta daɗe tana ginawa sama da Yamai, wadda idan ta kammala za ta sa yawan ruwan da ke isa Kebbi ya zama abin tattaunawa tsakanin gwamnatoci. Wasu tashoshin suna yankunan da rashin tsaro ya hana ma'aikata zuwa, a tsakiyar Mali da jihar Tilaberi. Tashar da ba a iya zuwa a gyara, ba da daɗewa ba take yin shiru.

Taurarin ɗan'adam sun rage wannan giɓi. Akwai masu auna tsayin ruwa daga sama, ciki har da SWOT da Amurka da Faransa suka harba a Disamban 2022. Akwai kuma tsarin hasashe da ke buɗe ga kowa a intanet, kamar GloFAS na Tarayyar Turai da Flood Hub na Google. Sai dai tauraro ba ya ratsa wuri ɗaya kullum, kuma kowane hasashen kwamfuta da awon ƙasa ake gyara shi. Inda allon ƙarfe ya mutu, hasashen na rasa abin da zai jingina da shi.

Abin da ma'auni ba ya gani

Ma'aunin babban kogi ba ya hango kowace ambaliya. Ruwan da ya ci Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, 2024 daga madatsar Alau ya fito, a kan Kogin Ngadda, wanda ma ba ya cikin yankin Neja, na Tafkin Chadi ne. Can abin dubawa shi ne tsayin ruwan tafki da lafiyar ginin madatsa. Na Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, wanda ya kashe fiye da mutum 150, ruwan sama ne na dare ɗaya ya taru ya ɓalle cikin gari, a lokacin da Neja bai ko fara cika ba. Ambaliyar cikin birane kuwa, irin ta kwalbati da magudanar da shara ta toshe, ba ta da alaƙa da allon awo.

Haka nan ba cika kaɗai ake auna kogi dominta ba. A watan Yunin 1985, a tsakiyar babban fari, Neja ya daina gudu a Yamai. Birnin da kogin yake shayarwa ya ga yashi a inda ruwa yake, abin da ya sa daga baya aka yi ɗan shinge a Gudel don tare ruwan sha. Lambar rani ita ke faɗa wa mai noman rani ko injin ban-ruwansa zai kai ga ruwa, ta faɗa wa mai jirgi inda tsibirin yashi da kututture suka kusa fitowa, ta faɗa wa Kainji injin nawa za ta iya kunnawa. Sarkawa da sauran masunta sun daɗe suna karanta wannan da idonsu, ta launin ruwa da duwatsun da suka nutse ko suka bayyana. Abin da allo ya ƙara a kan saninsu shi ne lambar da za a iya aika wa mutumin da ke nisan kilomita ɗari biyar.

Daga lamba zuwa bakin kogi

Hasashen shekara da ke cewa ƙaramar hukuma kaza na cikin babban haɗari yana da amfani ga mai tsara kasafi a watan Afrilu. Ba ya gaya wa mai shinkafa a fadama ko ya yanke ta ɗanya a wannan mako ko ya jira. Abin da yake bukata abu uku ne: tsayin ruwa yau a tashar da ke sama da shi, santimita nawa yake ƙaruwa a yini, da lambar da idan an kai ta ruwa ke shiga garinsu. Na biyun ya fi na farko faɗar gaskiya. Kogin da ke ƙasa da matakin haɗari da rabin mita amma yana hawa santimita goma a yini, kwana biyar ya rage masa.

Na ukun shi ne wanda ya fi ƙaranci. Kafin a ce mita kaza a Makurɗi ko Lokoja na nufin ruwa a unguwa kaza, sai an bi gari an auna tudu da kwari, an tambayi mazauna inda ruwan 2012 da na 2022 suka tsaya a jikin bango, an haɗa da lambar da allo ya nuna a waɗannan ranaku. Aiki ne da ba ya cin kuɗi kamar gina madatsa, kuma shaidarsa na nan a bangayen makarantu da masallatai da coci-coci na garuruwan bakin kogi, inda laka ta bar zane. A wasu garuruwan da ke gaɓar Sirba a Nijar an gwada irin wannan: an kafa alluna masu launi a cikin gari, an ɗaure launukan da lambar tashar da ke sama, ta yadda saƙon waya ɗaya zai isa mai gari ya san ko lokacin kwashe awaki da hatsi ya yi.